Ƙasar da Ba Za a Sake Kwaɓawa Ba

Me ya kashe babanku, ramin da ya yi shekaru yana shiga tun kafin a haife ku, ko ɗakin da ya gina mini da hannunsa? Na tambayi likita, ya ce Allah ne masani. Na tambayi kaina a kan sallaya har na gaji da tambaya. Ban yi musu da Ubangiji ba, na san kwanansa ne ya ƙare. Amma ni ce na wanke tsummokaran da yake tari a ciki, kuma har yau idan na ratsa ta gefen ɗakin nan da safe zan je ɗebo ruwa, sai tambayar ta dawo mini.

Rabi 'yata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, don ban yi lakwal ba, ban san karatun boko ba. Saboda kai nake faɗa, Hamisu. Ka zo mini da maganar cewa za ka fasa ɗakin da ke toshe a kusurwar gida, ka jiƙa ƙasarsa, ka sake buga tubali, ka gina wa ɗanka ɗakin aure. Ka ce abin da babanka ya koya maka ke nan, kuma ba ka yi ƙarya ba. Na hana ka, ka fita ranka a ɓace, ka ce wa matarka tsufa ya fara taɓa ni. Maƙwabta kuwa sun daɗe suna cewa aljanu Malam ya kulle a ciki. Babu aljani ko ɗaya a ɗakin nan. Lokacin da abin ya faru kana Aljeriya wajen neman kuɗi, Rabi tana ɗakin mijinta a Damagaram. Da kuka zo gaisuwa na ce muku kawai babanku ya ce kada a buɗe, kuka yi biyayya ba ku tambayi dalili ba. Yanzu dalilin ya zama dole.

Daga Damagaram muka zo Arlit ina amarya. Malam ɗan magina ne, jikan magina, amma a lokacin duk namiji mai ƙarfi aikin ramin haƙar ma'adinai yake nema, shi ma ya shiga. Aikinsa a can ƙasa shi ne gina bangon da ke tare hanyoyin rami. Yakan dawo gida fari fat da ƙura, har cikin kunnuwansa, in zuba masa ruwa yana dariya yana cewa in duba ko mijina ne na gaske aka dawo mini da shi. Da tari ya fara damunsa sai ya ajiye aikin, ya koma sana'ar ubansa. A garin nan icce ya fi nama tsada, azara sai daga kudu mai nisa, don haka ya koyi rufin tulluwa, wanda ake jera tubalin ƙasa yana zagayawa yana matsewa har ya haɗe a sama, ba icce ko guda, ba kwano. Mutane sukan tsaya su ga ranar da zai faɗo. Bai taɓa faɗowa ba.

Babanku yana da wata magana da ya ishi kowa da ita. Yakan ce gida ciki gare shi, yana ci kamar dabba. Idan ya ga ana sauke siminti a ƙofar wani, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Wannan tun bai zama gida ba ya ci wuta," in ji shi. "A wuta ake gasa siminti. Kamyo, babbar motar kaya, ya sha man gazuwal ya kawo shi tun daga kudu. A ɗora masa kwano, rana ta dafa mai gida, ya sayo fanka. Fankar me take ci? Kuran, wato lantarki. Kuran daga ina? Ku je tashar wuta ta Anou Araren ku ga gawayin da ake ƙonawa dare da rana, ku ga hayaƙin. Haka zai yi ta ci har ya tsufa. Ranar da ya mutu kuma gawarsa ba ta ruɓewa, sai tulin ɓaraguzai."

Idan aka ce masa to naka fa, sai ya ɗebi ƙasa a tafin hannu.

"Nawa ruwa ya sha sau ɗaya, da gumina. In ya gaji ya faɗi, jikana ya jiƙa shi ya sake ginawa. Ƙasar gini ba ta mutuwa."

Ka ji inda ka samo maganar, Hamisu. Kana yaro kake jin ta.

Abin dariyar shi ne, mai wannan wa'azi a ɗakin kwano matarsa take kwana. Gidan da muka saya da ɗakunan kwano muka same shi, kullum yana cewa baɗi zai rushe su, baɗi ta zo aikin wani ya sha gabansa. Nakan ce masa, Malam, ka gina wa Buzaye sanyi, ka gina wa Katsinawa sanyi, ni kuwa ka bar ni ina gasuwa kamar tsire. Sai ya ce ai tsiren nasa ne, ba ya son ya huce.

Sai shekarar nan ta zo, wadda aka sake tada tawaye a duwatsu, kuma a cikinta ne garin ya haukace da maganar Imouraren. Aka ce za a buɗe sabon rami wanda ya fi duk na da, ma'aikata za su cika gari, ɗakin haya zai yi wuyar samu. Kowa ya shiga gina ɗakunan bulo da kwano a jere kamar shagunan kasuwa. Ba wanda ke son ginin ƙasa. Aka ce baƙin da za su zo ba za su kwana a kabari ba, haka suke kiran tulluwar Malam. Aiki ya yanke masa. A bazarar shekarar ne na faɗi a bakin murhu. Ina tuƙa tuwo na ji duniya ta juya, ban farka ba sai a gidan likita. Aka ce jinina ya hau, zafi ba zai bar ni ba, a nema mini wuri mai sanyi. Da muka dawo gida Malam ya tsaya a tsakiyar ɗakina da rana tsaka, ya ɗaga hannu ya taɓa kwanon, ya janye da sauri.

"Dije, na ci amanarki," ya ce. "Wallahi bazara mai zuwa ba za ta same ki a nan ba."

Ga lokaci yana da shi, ga hannu, amma babu ƙasa. Ƙasar cikin gari yashi ce da gishiri, ba ta riƙe tulluwa. Shekara da shekaru wani Buzu mai suna Agali ne ke kawo masa yumɓu a kan jakuna daga wata busasshiyar ƙorama a bayan gari. To, an kafa dokar ta-ɓaci, ana binne nakiyoyi a hanyoyi, soja na mayar da duk wanda ya nufi daji, Buzu da jakuna kuwa ba ya ma kusantar shingensu. Agali ya zo wata rana ya sha shayi da Malam, ya ce zai kai iyalinsa wajen dangi har ƙura ta lafa. Ba mu sake ganinsa ba. Malam ya yi ta yawo cikin gari yana tona nan yana tona can, yana dawowa da ƙasa a aljihu yana zubarwa.

Akwai wani direban kamyo mai suna Illa, mutumin Tawa, da ke zama a majalisarsu. Shi ne wata ranar Juma'a ya tsaya a ƙofarmu da mota, ya yi ta danna oda.

"Malam, hito ka ga abin da ni kawo maka! Kai da ka ce babu ƙasa garin ga."

Ya ce daga gindin wani tudu ya ɗebo, inda ake zubar da abin da aka fitar daga rami, ba shinge, ba mai gadi, ba sai an fita daji ba. Ƙasa ce mai laushi, tokatoka, da ɗan rawaya a jikinta. Ku da kuka ga babanku yana aiki kun san yadda yake gwada ƙasa. Ya murza ta a yatsu. Ya tofa mata yawu ya mulmula, ya sake ta daga tsayin ƙirji ya ga yadda ta fashe. Sannan ya ɗora kaɗan a harshe, ya lumshe ido, kamar yadda ubansa yake yi da kakansa. Harshen magini gishiri yake nema, don gishiri ne ke cin bango. Ina tsaye a bakin zaure ina kallonsa.

"Ba gishiri," ya ce. "Illa, ina ka ɓoye wannan tun da?"

Na ce masa, Malam, abin da ya fito daga ramin nan ne fa. Ya ce shi da ya yi shekaru a cikin ramin gaba ɗaya, wace ƙasa ce za ta ba shi tsoro a tsakar gidansa? Ni ma na haƙura, don a garin nan da ƙarafan rami muke girki, da su ake yin ƙofofi da gadaje. Ba wanda ya taɓa ce mana kome.

Duk sanyin shekarar a kan ɗakin nan ya ƙare. Shi kaɗai ya kwaɓa, da ƙafafunsa, yana shiga laka har gwiwa tun hantsi. Ni ina jera masa jarkokin ruwa daga famfo. Tubalin ya fito da kyau har wani ɗan kasuwa ɗan Sakkwato ya zo ya ce a sayar masa da ragowar. Malam ya ƙi. Ya ce ƙasa irin wannan ba ta zuwa sau biyu, ragowar ma a bangon matarsa za ta shiga. Shi ya sa bangon ya yi kaurin da kuke gani, mutum ya kwanta a kansa a gicciye ba zai faɗo ba. Tagogi biyu ya yi, ƙanana, can sama. Ƙofa ya yi mata baki mai matsewa don kada iskar rana ta shiga. Ranar da ya haɗe tulluwar ya sauko, ya kama hannuna ya shigar da ni, ya rufe ƙofa. Rana tana tsaka a waje, amma ciki kamar an shiga randa.

"To, Hajiya tsire," ya ce, "ina fanka?"

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ban san rabon da in ji daɗi irin na ranar ba.

Amma ban zauna a ɗakin ba, kuma wannan ne abin da ke hana ni barci. Ban yi wata guda a ciki ba aka aiko cewa Rabi ta kusa haihuwar fari. Na bi ayarin motocin da soja ke rakawa na tafi Damagaram, hanya ta ƙara lalacewa a bayana, Malam ya aiko cewa kada in kuskura in taso. Bazarar da aka gina ɗakin dominta a can na yi ta, da damina, har sanyi ya shigo. Da na dawo kuma na koma sayar da abinci a ƙofar gida, yini nake a waje, barci kuwa a tsakar gida nake yi kamar yadda na saba a lokacin zafi, don duhun ɗakin yana matse mini ƙirji. Malam ne ya zauna a ciki. Ba aiki, ba inda za shi, sai ya shige da rediyonsa da butar shayi tun hantsi, ya ja ƙofa, ya cusa tsumma a tagogin don kada sanyin ya gudu. Idan kuran ya ɗauke, masu ɗakunan bulo suka fito suna fifita da kwali, sai ya leƙo ya ce musu su shigo kabari su huta. Haka ya yi bazara biyu. A ta biyun ne tsohon tarin ya dawo, ya zo da rama.

Wata rana wasu mutane uku suka shigo unguwa, suna bi gida gida da wata na'ura kamar ƙaramin rediyo. Tsofaffin ƙarafa suke dubawa, tukwane da ƙofofi. Suka kara ta a tukwanena, ta yi ɗan ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye, suka ce ba laifi. Har sun juya za su fita. Malam ne ya tsayar da su. Ya ga suna zufa, kuma kun san shi da son a yaba aikinsa.

"Samari, ku shigo ku sha shayi inda ba a biyan kuɗin sanyi."

Babban cikinsu ya sunkuya ya shiga, na'urar tana rataye a wuyansa. Daga bakin murhu na ji ta. Ba ƙas-ƙas ba ce kuma, kuka take yi ba tsayawa, kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Mutumin ya fito da baya. Ya sake shiga shi kaɗai, ya kara ta a bango, ya kara a daɓe, ya fito ya tsaya a rana yana kallon Malam.

"Baba, ina ka samo ƙasar nan?"

Malam ya faɗa masa.

"Wa ke kwana a ciki?"

"Ni. Don matata na gina."

Mutumin ya ce abin da ake haƙowa a rami yana cikin ƙasar, yana fitar da wata iska da ba ta da wari, ba a ganinta. A fili iskar tana watsewa. A ɗaki mai kauri, rufaffe, taruwa take yi, mai ciki yana shaƙa. Ya ce da ɗakin kwano ne mai ɓaraka ta ko'ina da abin bai kai haka ba. Malam ya ce ai ya ɗanɗana ta da harshensa.

"Baba, wannan ba ta da ɗanɗano."

Suka ce kada kowa ya sake shiga, kada kuma a fasa, don ƙurar ta fi komai illa. Za su dawo da mota da masu kayan aiki su kwashe. Malam ya zauna a kan turmina, shayin yana ta tafasa a cikin ɗakin, ba wanda ya shiga ya sauke shi.

Mun jira su, ba su dawo ba. Wa za ka tambaya a garin da kowa ke tsoron a ga ya cika tambaya? Illa ya zo ya durƙusa a gaban Malam yana kuka, yana rantsuwa bai sani ba. Malam ya ce masa ya tashi, shi direba ne, magini ne ya ɗanɗana. Ni kuwa na ce a rushe, a kwashe, a fitar mini da shi daga gida ko da kwando ne. Nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba tun aurenmu.

"In kai ina, Dije?" ya ce. "In zubar a bayan gari? Kafin la'asar talakawan bukkoki sun kwashe. Tubali mai kyau haka, wa zai wuce shi? Mace za ta yi murhu da shi. Wani zai gina wa 'ya'yansa ɗaki. Ni na san magina, ni na koya musu cewa ba a barin tsohuwar ƙasa."

Na ce to mu sayar da gidan mu koma Damagaram. Ya ce wanda ya saya fa, da me zai fara? Da ɗakin da ya fi sanyi.

Abin da ya yi daga nan, ban taɓa zaton idona zai gani ba. Ya sayar da rediyonsa da akwatin buga tubalinsa da ragon da nake kiwo, ya je kasuwa ya sayo siminti da bulo. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana zagin siminti a ƙofar mutane ya turo shi a kura ta tsakiyar unguwa, majalisa tana kallo.

"A'a, Malam, yau kuma wuta za a ci?" in ji wani.

Malam ya wuce da kurarsa. Ya hana ni faɗa wa kowa dalili. Ya ce in aka sani, duk gidan da ya taɓa ginawa za a guje shi, alhali da yumɓun Agali ya gina su, lafiyarsu lau, sai a rushe su a koma kwano saboda kuskurensa guda. Ya toshe tagogin. Ya jera bulo a bakin ƙofar, da tabarmarsa da butar shayinsa a ciki. Sannan ya bi ɗakin gaba ɗaya da yaɓen siminti mai kauri, tun daga gindi har ƙolin tulluwa, don kada iska ko ruwa su ci bangon su watsa ƙurarsa. Yana yaɓe yana tsayawa ya dafa tsani ya yi tari. Na ce ya kira wani ya taya shi, ya ce ba ɗan wanda zai sa ya taɓa bangon nan. Ranar da ya gama ya wanke hannu ya kwanta, bai ƙara riƙe kayan aiki ba.

Ma'aikatan Imouraren da aka gina wa ɗakuna ba su zo yadda aka ce ba. Daga baya tsohon ramin Akokan da ke kusa da mu ma ya rufe, ɗakunan bulon nan ga su can, kwanonsu ya yi tsatsa, awaki ke kwana a wasu. A cikin abin da Malam ya faɗa game da gidaje ban ga wanda bai tabbata ba. Gidajen tulluwar da ya gina wa mutane suna nan, masu su ba su san ranar da kuran ya ɗauke ba. Shi kuwa a ɗakin kwano ya yi jinyarsa, ina jiƙa zane ina shimfiɗa masa a ƙirji, ina yi masa fifita har hannuna ya mutu, ga ɗaki mafi sanyi a unguwa taku kaɗan daga kansa. Wani lokaci in kama shi yana kallonsa ta ƙofa. Likita ya ce huhun ne, ya ce tsofaffin ma'aikatan rami da yawa haka suke ƙarewa, waɗanda ba su taɓa gina ɗaki irin namu ba. Na riƙe wannan maganar kamar yadda mai faɗuwa rijiya ke riƙe igiya. Amma wata rana sai in tuna cewa ni aka gina wa, ni ya kamata in shaƙa, jikata ce ta fitar da ni daga ciki da haihuwarta. Rabi, bar kukan ki rubuta.

Hamisu, na san simintin ya fara tsagewa ta gefen gabas, na san shi ya sa ka ga ƙasar da ke ciki ka yi sha'awarta. Tana da kyau, babanka ma haka ya gani. In kana son yi mini alheri ka sayo buhu guda ka like tsagar. Ɗanka kuwa ka nemo masa yumɓu daga ƙorama, hanya a buɗe take yanzu, ka gina masa tulluwa irin ta kakansa, zan sa albarka. Amma kafin ka ɗora ƙasar a harshe, ka nemi masu na'urar su kara mata.

Ranar da zai rasu, da la'asar, ya ce in fitar da shi daga ƙarƙashin kwanon. Ni da Illa muka ɗauko shi a tabarma, bai fi nauyin yaro ba, muka kwantar da shi a inuwar zaure inda yake hango ɗakin. Illa ya tafi kiran liman. Ya daɗe yana kallon tulluwar, numfashinsa yana fita da ƙyar. Sai ya motsa yatsu, na kai kunnena bakinsa.

"Dije, yaran nan za su so su jiƙa ta. Za su ce ni na koya musu. Ki ce musu ban da wannan."